Igiyoyin Hagu na Laimar Roka

Karatuna na boko ya tsaya ne a aji huɗu na firamare a Zariya, kuma ba ni na gaji da shi ba, shi ya gaji da ni. Saboda haka duk wanda ya zo nan neman bayanin kimiyya ya gyara zama, zai samu, amma irin na tela.

Shekara talatin na yi ina taka keken ɗinki a kasuwa kafin kayan gwanjo su kore ni. Na koyi tuƙi da furfura a gemu, wani kamfani ya kawo ni Doha ina jan motar ma'aikata. Ɗakinmu a unguwar Najma yake, mu shida, gado bisa gado, in mutum ɗaya ya yi atishawa biyar ke amsawa. Cikin waɗanda nake kaiwa wurin aikin gas akwai wani injiniya Bakano, sa'an ɗana na fari. Yana ce mini Baba, ina ce masa Injiniya. In na tashi tsokana kuwa sai in ce masa bawana, tunda kowa ya san abin da ke tsakanin Bazazzagi da Bakano ba ya zuwa gaban alƙali.

Da korona ta sauka aka rufe gari, ko kanti mutum ba ya shiga sai wayarsa ta nuna kore, alamar ba shi da cutar. Ranar nan sai ga Injiniya a ƙofar ɗakinmu da takunkumi a fuska.

"Baba, haɗa kayanka. Na yi magana da kamfani. Tsoho kamarka ba zai zauna cikin mutum shida ba."

"Wane ne tsoho?"

"Wanda ya fara tambaya."

Haka na koma gidansa a Wakra, can bayan gari. Iyalinsa sun tafi gida hutu, jirage suka tsaya, suka maƙale can. Mu biyu muka rage a gida mai ɗaki huɗu, shi yana aiki ta kwamfuta, ni ina dafa shinkafa ina kushe masa Kano.

Akwai ɗaki ɗaya da kullum yake shiga bayan la'asar ya rufo ƙofa, warin gam na fitowa ta ƙasan ƙofar. Na yi kawaici har kwana tara. Ran na goma na shiga da shayi ba tare da an aike ni ba. Na tarar da wani bututu a kwance bisa teburi, tsawonsa ya fi ni, kaurinsa kamar cinyar ɗan dambe, da tsinin hanci a gaba da fukafukai huɗu a gindi.

"Injiniya, da wa muke yaƙi?"

"Roka ce, Baba. Ta wasa."

"Ta wasa. To ni ka mayar da ni Najma, gara korona da kurkuku."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Sannan ya nuna mini takardu, ya ce akwai ƙungiyar masu irin wannan sha'awa, da izinin hukuma suke yi, ba a harba komai sai jami'i na tsaye. Ya ce tun yana yaro yake son abin. Harba roka sama, in ji shi, kowa na iyawa. Wuyar ita ce dawowa. Yawanci in ta kai ƙarshen tashinta sai laima ta buɗe, iska ta ja ta inda ta ga dama, mai ita ya bi ta a mota yana addu'a. Shi kuwa so yake tasa ta dawo da ƙafarta. Ya ɗauko wani ɗan akwati da bai fi kwalin sabulu ba. Ya ce wannan yana sauraron taurarin ɗan'adam, su gaya masa inda yake, shi kuma yana da 'yan injina biyu, ɗaya ya ja igiyar dama, ɗaya ya ja ta hagu, ya tuƙo laimar har kan tabarmar da aka shimfiɗa mata.

"Wato direba ne," na ce.

"Direba ne."

"Yana da lasin?"

Abin da ya rasa shi ne laimar. Ba irin mai zagaye ba, irin mai aljihuna jere, wadda in iska ta cika ta take zama kamar katifa a sama. Ya sayi yadi, ya sayi keke, ya gwada da kansa. Da ya nuna mini ɗinkin da ya yi sai da na kawar da kai, don akwai abin da bai kamata babba ya gani ba. Na ce ya tashi daga kan keken nan kafin ya ji wa wani ciwo.

Wallahi ban san ina kewar keke ba sai da na ɗora hannu. Yadin nan santsi gare shi kamar leda, ja da fari, ba ya jin magana, allura na shiga yana zamewa. Kwana uku muna kokawa kafin ya gane da wa yake yi. Aljihu tara na jera. Kowane ɗinki na bi shi sau biyu. Ina taka keke ina waƙar da ban yi ba tun a kasuwa, Injiniya na gefe yana goge fukafukai da samfefa, ƙura ta mai da shi kamar mai niƙa. Garin a rufe, tituna shiru, mu kuwa ko lokacin cin abinci sai mun tuna wa juna.

Sai aka zo kan igiyoyi. Goma sha shida ne, takwas dama, takwas hagu, su ke riƙe laimar da rokar. Injiniya ya rubuta mini tsawon kowace a takarda, ya miƙo mini tef.

To ni a gidanmu ba a awo da tef. Mahaifina da kamu yake awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da shi ya ɗinka wa manya riguna, ba wanda ya taɓa dawo da ko ɗaya. Na ɗora tef ɗin a hannuna na dama sau ɗaya, na mayar da lissafinsa zuwa kamu da yatsu, na rataye tef a ƙusa. Na shimfiɗa laimar a gabana. Igiyoyin dama na auna su da hannun dama. Na hagu kuma, don kada a ce na yi son kai, na auna su da hannun hagu.

"Baba, ka auna?"

"Ni kake tambaya?"

"A'a, Allah ya ba ka haƙuri."

Da aka sassauta doka muka fara fita gwaji da sassafe a sahara, kudu da gari. Ga yadda ake yi: a ɗaure laimar a jikin sanda a bayan a-kori-kura, ni in tuƙa, shi ya zauna baya da kwamfuta a cinya. Ranar farko da na taka mota na ga abin nan ya kumbura a madubi, ya tashi, ja da fari a saman kaina, sai da na yi kabbara na kusa barin hanya. Shekara talatin ina ɗinka abin da mutane za su sa su zauna a ƙasa. Yau ga ɗinkina yana tashi.

Sai dai tana karkata hagu. Mu juya mota, ta karkata hagu. Mu hau kan tudun rairayi ya jefa ta da kwalbar ruwa a madadin roka, ta kewaya hagu ta faɗi.

"Direban naka ɗan Kano ne," na ce. "Ya hango kasuwa a hagu."

Injiniya ya daɗe yana kallon laimar a ƙasa. Ya tsugunna ya kama igiyoyin, ya sake su. Sannan ya ce, "Matsalar daga lissafina ce, Baba. Zan duba."

Bayan mako guda ya ce ya gano, ya gyara. Muka fita, ta tashi sak kamar an ja layi. Na yi masa nasiha a kan muhimmancin natsuwa wajen lissafi, ya saurara da ladabi.

Daga nan sai jira. Abin da ke tura rokar sama wani ƙullin wuta ne kamar babban batir, ba a sayar da shi a kanti, sai ta hannun ƙungiya, da takarda bisa takarda. Guda ɗaya tak aka ba shi. Iyalinsa suka dawo, ni na koma Najma, amma duk Juma'a bayan masallaci ina Wakra. Garin kuma ya fara haukan ƙwallo. Tutoci a kowace fitila, hotunan 'yan wasa a jikin benaye kowanne kansa ya fi ɗakinmu girma, kamfani na koya mana yadda ake yi wa baƙi murmushi. Sai aka sanar da Injiniya cewa in gasar cin kofin duniya ta matso za a hana tashin komai a sama, ko na wasa. Aka ba shi safiya ɗaya kafin rufewa. Roka ɗaya, wuta ɗaya, safiya ɗaya. In ta dawo, aikin shekara biyu ya yi. In iska ta kai ta teku, shi ke nan, har da akwatin.

Saura kwana biyu ya kira ni ya ce in je gidan in duba ɗinkin, in naɗe laimar, shi yana wurin aiki. Ya ƙara da cewa jami'in da zai zo yakan duba komai da kansa.

Na shimfiɗa ta a tsakar falo, na ja igiyoyin na miƙe su a kan tayil. Tayil ba ya ƙarya, layinsa a miƙe yake. Na dama suka tsaya daidai kan layi. Na hagu suka gaza da yatsa biyu. Duka takwas ɗin.

Na zauna. Na miƙa hannayena biyu a gabana na dube su kamar yau aka ba ni su. Ina da shekara bakwai na faɗo daga bishiyar mangwaro na karye a hannun hagu, maɗori ya ɗora, ya warke, amma ya ɗan gajarce. Na san da haka. A babbar riga yatsa biyu ba komai ba ne, iska ma ta fi haka. Ban taɓa kawowa a raina cewa sama tana da ƙididdiga irin wannan ba.

Abin da ya kamata in yi, in ɗauki waya. Na ɗauka ma. Sai na tuna nasihar da na yi masa a kan natsuwa. Na tuna baƙon jami'i zai ja igiyoyin nan a gaban mutane ya tambayi wanda ya yi. Na ajiye wayar. Na ce a raina, ai akwatin nan da wayonsa yake tafiya daidai da karkatacciyar laima, ina ga an miƙe masa ita? Gata na yi masa. Na sauko da tef daga ƙusa, na kwance takwas ɗin nan, na yanka sababbi, na auna kowace sau uku kamar ɗan koyo. Na naɗe laimar tsaf. Maiɗakinsa ta kawo mini abinci ta ce, "Baba, yau shiru." Na ce mata aikin kimiyya ne.

Ranar ta zo. Bayan asuba muka kama hanya, rana na fitowa muna wurin. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba komai sai ƙananan ƙayoyi, teku na ƙyalli can gabas. Mutanen ƙungiya su huɗu, da jami'i Balarabe mai allon rubutu a hannu. Ya duba fukafukai, ya duba wuta, ya ja igiyoyi ya gyaɗa kai. Na gyara tsayuwa. Aka shimfiɗa shuɗiyar tabarmar roba aka danne ta da duwatsu. Aka tsayar da rokar a jikin dogon ƙarfe, muka ja baya nesa.

"Yalla," in ji jami'i, wato a fara.

Injiniya ya miƙo mini ɗan akwati mai jan maɓalli. "Baba, kai za ka danna."

"Ni? In ta fashe fa?"

"Sai a ce Bazazzagi ne."

Suka ƙirga daga biyar zuwa ɗaya. Na yi bisimilla na danna.

Jama'a, na ga tashin jirgi, na ga tsawa, ban ga irin wannan ba. Ta yi wani tari, wuta ta fito, sai ƙara kamar an yage sabon yadi mai tsawon duniya. Kafin in ɗaga kai ta zama allura, farin hayaƙi na binta a miƙe. Hulata ta faɗi ban sani ba. Ina tsalle, ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga sujada. Ina ihu ina cewa, "Tafi! Tafi, 'yar albarka!"

Ta ɓace. Kowa kai a sama. Can wani ya nuna da yatsa. Wani ɗan ɗigo, sannan ja da fari ya baje. Ta buɗe! Aljihu tara, duk sun cika. Na kama kafaɗar wani Ba'indiye da ban san shi ba ina jijjiga shi, ina gaya masa da Hausa cewa ni na ɗinka.

Sai ta juya dama. Na ce tana neman hanya ne. Ta ɗan miƙe, ta sake juyawa dama. Ta zagaya, ta sake zagayawa, kuma duk zagaye iska na tura ta gabas, wajen ruwa.

Injiniya na tsugune gaban kwamfuta, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Yana magana shi kaɗai.

"Ba zai yiwu ba. Dama? Ai hagu take ja. Na sa ya riƙa jan dama yatsa biyu don ya rama. Shekara guda tana tafiya daidai. Me ya canza?"

Na ji maganar nan har tafin ƙafata. Yatsa biyu. Ashe ya sani. Tun ranar da ya tsugunna ya kama igiyoyin ya sani. Ba lissafinsa ya gyara ba, akwatin ya koya wa karkata don ya rufa mini asiri. Ni kuma na zo na miƙe igiyoyin, na bar akwatin yana jan dama a kan laimar da ba ta da laifi.

Mutum shida ne a wurin ban da ni, duk za su ji. Na dubi sama, ta ƙara zagaye ɗaya, ta yi ƙasa, ta ƙara kusantar ruwa.

"Injiniya."

"Baba, don Allah, ba yanzu ba."

"Na canza igiyoyin."

Ya ɗago.

"Na hagu. Shekaranjiya. Da tef na auna, daidai suke da na dama. Cire abin da ka sa!"

Yatsunsa suka hau kwamfuta. Ya danna, bai shiga ba. Ya ɗaga sandar rediyon da ke kai wa akwatin saƙo sama da hannu ɗaya ya sake dannawa. Na ƙwace sandar na hau bayan mota na miƙa ta sama iya tsawona, da hannun dama, don kada a sake samun matsala.

"Ya karɓa!"

Laimar ta yi ɗan girgiza kamar wanda aka tasa daga barci. Ta daina zagaye. Ta juya hancinta ta fuskance mu, ta miƙo. Wayyo, ku ga tafiya! Sak, ba hagu ba dama, rokar na lilo a ƙarƙashinta. Mutanen ƙungiya na tafi, jami'i ya manta da girmansa yana ihu da Larabci. Amma ta riga ta yi ƙasa da yawa, iska kuma na gabanta. Muna kallo tana sauka, tana sauka, ta bar saman ruwa, ta haye laka mai gishiri ta bakin teku, ta dira a busasshiyar ƙasa da ɗan ƙura. Tsakaninta da tabarma tafiya ce mai ɗan nisa. Tsakaninta da laka kuwa bai fi taku goma ba.

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Injiniya ya riga ni isa. Na tarar da shi a zaune yana shafa bututun, ko fiffike ɗaya bai karye ba, fitilar akwatin na ƙiftawa. Na zube kusa da shi ina haki.

"Tun yaushe ka sani?" na ce.

"Tun ranar farko."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Haba Baba. In ɗauki tef in bi bayan aikinka? Da wane ido?"

"Sai ka bar ni ina yi maka wa'azi."

"Wa'azin ya yi daɗi ai." Ya share fuska. "Kai me ya hana ka kira ni shekaranjiya?"

"Ba ni da kuɗi a waya."

"Baba."

"To, ina da shi."

Ya fara dariya, ni ma na kama, har muka kwanta a rairayi kamar marasa aikin yi. A haka jami'i ya iso da allonsa. Ya zagaya rokar, ya rubuta cewa ta dawo lafiya. Sannan ya tambaya, Injiniya na fassara mini, cewa dole ya rubuta dalilin zagayen da ta yi, laifin na'ura ne ko na mutum, in na mutum ne, wane ne.

"Ni ne," muka ce tare, ni da Hausa, shi da Turanci.

Jami'i ya dube ni, ya dube shi. Ya juyo mana da takardar ya nuna da biro: layi ɗaya ne a wurin, sunan mutum ɗaya yake ɗauka.

Na yi tunani irin na manya. Na ce wa Injiniya ya gaya masa, a al'adarmu babba ba ya jayayya da yaro a gaban baƙo, tunda yaron ya nace, a ba shi. Ban da haka ma sunan mai digiri ya fi kyau a takardar hukuma.

Injiniya ya karɓi biro ya rubuta sunansa. Ni kuma na tashi na kama kakkaɓe rairayi daga aljihunan laimar, ɗaya bayan ɗaya.